Yadda Yaya Bashir Ya Tsallake Ganuwar Birnina

Ranar Alhamis ta uku a dogon hutun da na gama aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ana ruwa tun hantsi, mu huɗu muna zaune a barandar bayan gidanmu a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, tsakanin buhunan albasar Baba da durom ɗin tarar ruwa. A gabana akwai bayan tsohuwar kalanda, inda na zana birni mai ganuwa da ƙofofi bakwai da biro ja da shuɗi. Kwana tara na yi ina tsara shi. Kowace ƙofa na ba ta mai gadi da halinsa, akwai wanda ake lallashi, akwai wanda sai an yaudare shi. Yaya Bashir, ɗan baffana da ya zo hutu daga Legas, ya dubi zanen sau ɗaya, ya kaɗa ƙwayar ludo a tafin hannu ya jefa, ta ba shi shida. Ya ce, "Jarumina ya kira iska, ta ɗauke mu duka, mun sauka a tsakiyar fada." Ƙanena Nura da ƙawata Sakira, 'yar maƙwabtanmu Yarabawa, suka hau tafi. Ni kuwa na ƙura wa ƙofofina ido.

Shi Yaya Bashir ne ya kawo mana wasan daga makarantarsu ta kwana. Kowa yana da jarumi a rubuce a fallen takarda, da sunansa da ƙarfinsa da makaminsa. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran su faɗi abin da jarumansu za su yi, sai ƙwayar ludo ta yanke ko abin ya yiwu. Ni aka ba riƙon labarin, don an san ni da tatsuniya, shi kuma ya fi son yaƙi. Ba ma zama sai mun gama tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga kayan da Baba ya kawo daga kasuwar Shasha, mun ɗebo ruwa a rijiyar su Sakira, na kuma wanke tukwanen Umma. Daga nan sai wasa har lokacin Islamiyya. Kakanmu Malam yana karantarwa a zaure, don haka ba mai furta kalmar sihiri a gidan. Asiri muke cewa, shi ma a hankali.

A duniyar da na gina, asiri abu ne mai wuyar samu. Jaruman fatake ne masu jakuna, suna kai goro arewa, irin labaran da nake ji Baba yana yi da direbobin tashar Ojoo, na gadar da ta karye da garin da ba ruwa. A duk ƙasar tsohuwa ɗaya ce ta san asiri, kuma layarta sau ɗaya take aiki ta mutu. Na tuna lokacin da jarumar Sakira ta isa bakin kogi da laya ɗaya tak, ga ɓarayi a baya. Ko ta ƙetare da ita, ko ta ajiye ta don jakinta da maciji ya sara. Kwana biyu Sakira na tunani. A bakin rijiya ta same ni, da guga a hannu, ta raɗa mini cewa ta zaɓi jakin. Wannan shi nake so a wasan, in ga mutum ya kasa cin abinci saboda jakin takarda.

Yaya Bashir bai ga abin so a ciki ba. Abin da yake yawan faɗa shi ne, "In wahala nake nema, ai ga albasa nan." Ya ce a makarantarsu jarumai wuta suke jefawa da hannu, suna hawa dodanni masu fukafukai, wanda ya mutu a tashe shi kafin a kaɗa ƙararrawa. Kullum sai ya yi mini magiya, har na gaji na ba jaruminsa ikon kiran iska. Ni a raina iskar da za ta tura kwalekwale ce. Da ita ya tsallake ganuwar. Na ce wannan ba ya cikin doka, ya tambaye ni ina na rubuta iyakar iskar. Ban rubuta ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Washegari na rama, kuma ramuwar ba ta yi kyau ba. Na ce iskar ta ƙafar da duk rijiyoyin birnin, aka kore su zuwa jeji babu ruwa. Shi nake hari, amma ƙwayar ludo ba ta san wannan ba. Nura ne ya jefa ɗaya sau biyu a jere. Jaruminsa Dogo Maƙeri, wanda ya zana da gemu da guduma ya liƙa a bangon ɗakinsu, ya mutu da ƙishirwa. Nura yana da shekara takwas. Ya dube ni yana jiran in ce wasa nake, na ce doka doka ce. Ya kifa kai a buhu ya yi ta kuka. Sakira ta ce, "Hajara, ke ba so kike mu ci ba. So kike mu sha wuya ki ji daɗi." A nan take suka karɓe labarin suka miƙa wa Yaya Bashir.

Abu na farko da ya yi, ya tashi Dogo daga kabari ya ba shi guduma ta tsawa. Kwanakin farko dariyarsu har Umma sai ta leƙo daga kicin ta yi mana tsawa. Nura ya zama sarkin garuruwan aljanu, Sakira ta daskarar da teku ta yi tafiya a kansa. Ni na zauna cikinsu da jarumata mai sanda, na ƙi karɓar asiri ko ɗaya, ina tafiya a ƙasa suna shawagi a sama, ina kumbure-kumbure. Kafin kwana goma abin ya fara sanyi. Ba mai riƙe numfashi in an jefa ƙwaya, don ko ɗaya ta fito akwai asirin da zai gyara. Nura ya koma ƙwallo a layi, Sakira ta ce mamarta na nemanta a shago. Na yi ta jira su zo su ce in karɓi labarina. Har sabon jeji na zana, wannan karon da rijiyoyi a hanya. Ba wanda ya zo. Hutu ya ƙare, Yaya Bashir ya koma Legas, wasan ya mutu a hannunmu mu biyu.

Sai da na girma na fara koyarwa, na gano a waya cewa manya a ƙasashe da yawa suna wannan gardamar, masu son asiri kaɗan da masu son shi birjik, kowane ɓangare da littattafansa. Yanzu nakan riƙe labari ta waya ga mutanen da ban taɓa gani ba, da ƙwaya mai fuska ashirin, kuma kafin mu fara sai na tambaye su irin duniyar da suke so. Wannan tambayar ce ban yi ba a lokacin. Sakira tana aure a Ilori, sai gaisuwar Sallah. Nura har gobe yana gaya wa 'ya'yansa cewa gwaggonsu ta taɓa kashe shi da ƙishirwa. A wani biki na tsare Yaya Bashir, na ɗauko maganar da hujjojin da na tara shekara da shekaru. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Wane wasa ke nan?" Har yau ina ganin ni ce da gaskiya, sai dai ba sauran wanda zan kayar.