Kar Ki Dama: Malama Kubura da Tirenta

Kullum da hantsi Malama Kubura takan shiga aji a Jega ɗauke da tire, kwalbar soɓorodo, kanwa da lemun tsami. Baƙo sai ya ce talla ta zo. Ilimin haɗa sinadarai take koya wa 'yan mata, kuma a watan nan take ajiye aiki. An ba mu sabuwar jiha, an kafa sababbin alluna a bakin ofisoshi, kayan gwajin kimiyya na makaranta kuwa har yau suna hanya. Ita ba ta jira su ba.

Wallahi abin kallo ne! Ta zuba soɓorodo a tire, ta ɗiga ruwan kanwa a gefe guda, lemun tsami a ɗaya gefen. Sai kore ya fara rarrafe cikin ja, yana fitar da rassa, yana nannaɗewa kamar zanen lalle. Inda ya iske tsami, jan ya ƙara haske ya tare shi. Amma 'yar Jega ba ta ganin ruwa a kwano hannunta bai nemi ludayi ba.

"Ke Hussaina, ba fura ba ce! Kar ki dama!"

Wadda ta dama, zane ya tafi, sai launi ɗaya kamar ruwan wanki. Malama takan ce kayan ba su sake ba, yadda suka haɗu ne ya sake.

Shekarar da matata ta rasu, 'yata Iklima ta yi shiru, ta ce ta gama da makaranta. Dangi daga Aliero har Maiyama suka yi ta juya ta da nasiha. Littattafaina da na ba ta ma ba su tsinana komai ba. Malama ta zo gida, ba ta yi wa'azi ba. Ta ajiye tiren soɓorodo gaban yarinyar, ta ɗiga kanwa, ta zauna.

Can sai na ji muryar da na cire rai da ita: "Baba, taho ka ga wanga abu! Kak ka taɓa!"

Washegari Iklima ta ɗauki jakarta ta makaranta.

Malama, ke ce mai sanin lokacin ajiye ludayi. Ni ba mai yabo ba ne, kowa ya sani, amma na gode, Allah ya saka miki. Malaman da suka rage, ku koya. Masu nasiha kuma, don Allah ku janye hannu: wani abin sai an bar shi yake fitar da zanensa.