Mushe Kiyari Bai Rasu Ba, Suma Ya Yi

Da safen nan labari ya iske ni a Kelle cewa Mushe Kiyari ya rasu.

Ku dakata, kar kowa ya ƙara rubuta ta'aziyya. Yana nan da ransa. Yanzun nan na baro shi a asibiti a Gure yana shan kunu, yana yi wa mutane faɗa. Amma na yi kusan awa uku yau ina ɗauka babu shi a duniya, kuma har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ya koya mana Ingilishi a kwaleji. Mushe muke ce wa malamin boko a nan, daga Faransanci. Ya daɗe da yin ritaya, amma bai sake mu ba. Muna da gurup na tsofaffin ɗalibansa a waya, shi ya kafa shi, kuma dokarsa guda ce: ba Hausa, ba Barbarci, ba Faransanci. Ko haihuwa aka yi maka, da Ingilishi za ka sanar.

To, a can Lawali ya yi rubutu. Lawali ɗan ajinmu ne, yana da shagon fotokofi jikin gidan Mushe. Wajen ƙarfe takwas, ina tsakiyar garke ina yi wa tumaki allurar rigakafi, sai waya ta yi ƙara. Na duba.

"Our teacher passed away this morning in front of my shop."

Na karanta sau uku. Passed away. Ya rasu ke nan. Shi da bakinsa ya koya mana ma'anarta.

Na kira Lawali, ba ya ɗauka. Na kira Ya Falmata, matar Mushe, wayarta a kashe. Kafin minti goma gurup ya cika da Innalillahi, kowa ya manta da dokar Ingilishi. Wani har ya ɗora hotonsa.

Na miƙa wa abokin aikina sirinji, na hau moto, wato babur ɗina. Burina kawai in samu jana'iza.

Duk wanda ya san hanyar Kelle zuwa Gure ya san rairayinta. Ba a gudu a kanta. Ko ba ka so sai ka yi tunani.

Na tuna ranar da ya shigo ajinmu yana janye da akuyar mai gadi. Wallahi akuya, da igiyarta. Ya ɗaure ta a ƙafar tebur, ya ce, "Abdu ɗan Alakos, kai ne makiyayinmu, taso."

Na taso ina jin kunya, don a lokacin ba na son a tuna mini daga dajin Alakos na fito.

Ya ce in kalle ta. Na kalle ta. Ya rubuta look at a allo. Ya tura ta bayan ƙofa ya ce in nemo ta. Ya rubuta look for. Sannan ya ciro ganyen gawo daga aljihunsa ya ce in ba ta. Ya rubuta look after.

"Kun gani? Akuya ɗaya, look ɗaya. 'Yar ƙaramar kalmar da ke biye ita ke faɗa muku ko kallo ne, ko cigiya, ko kiwo."

Muka ce, Mushe, wannan harshe ai mugunta ce. Ta yaya put on zai zama sa riga, put out kashe wuta, put off ɗage magana zuwa gobe, put up with kuma haƙuri da mutum?

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ku da kuke sa hannu, ku sa baki, ku sa ido, ku sa rai, ku sa rana? Wa ya taɓa cewa Hausa mugunta ce? Kada ku fasa su gida biyu. Ku haddace su tare, kamar mutum da sunan ubansa."

Ba mu taɓa ganin littafin da ya yi mana bayani haka ba.

Na tuna girkin Ya Falmata. Ni baƙo ne a Gure lokacin, a gidan wani ɗan garinmu nake kwana, abincin rana kuwa sai yadda ta yiwu. Mushe bai taɓa tambayata ko na ci ba. Sai dai ya ce, "Abdu, kai mini waɗannan takardu gida." In na kai, in tarar an ajiye kwano a zaure. Sai da na girma na gane takardun nan ba wanda ke jiran su.

Shekarar da na faɗi jarrabawar brebe ta gama kwaleji na tattara kayana na koma wajen raƙuman babana. Na ce boko ya ƙare. Bayan sati biyu wani direba ya kawo mini takarda a ninke. Layi biyu ne a ciki: give up, wato ka saduda, a sama; go on, wato ka ci gaba, a ƙasa. A gefe ya rubuta da Hausa, "Zaɓi ɗaya, ka dawo ka faɗa mini da bakinka."

Na dawo don in faɗa masa na zaɓi na sama. Ban iya ba, sai na koma aji.

Abin da ya fi ci mini rai a kan moto shi ne haɗuwarmu ta ƙarshe. Bayan Babbar Salla ne, a bakin kasuwa. Ina sauri mota za ta tashi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan Alakos, ka zama babban mutum. Yaushe za ka drop in mu sha shayi?" Na ce bayan damina, Mushe. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ga mu cikin bazara. Ban leƙa ba.

Kuma ban taɓa ce masa na gode ba. Ko sau ɗaya.

Da na shigo unguwarsu na rage gudu, ina sauraron ko zan ji kuka. Shiru. Ƙofar gida ba tabarmi, ba taro, ba buta ko ɗaya. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarsu tana tsince zogale a inuwa. Na ce, "Inna, har an kai shi?"

Ta ce, "Tun ɗazu. Lawali ne ya ɗauke shi a motar mai burodi."

Na ce, "A motar burodi? Zuwa maƙabarta?"

Ta saki zogalen. "A'uzubillahi! Wace maƙabarta, ɗan nan? Asibiti!"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ashe azumin Litinin ya ɗauka, ga ciwon suga, ga wannan zafi. Ya fito sayen burodi don jikokinsa, jiri ya kwashe shi a gaban shagon Lawali. Lawali ya yi rubutun nan, ya jefar da wayar a kan tebur, ya ciccibe shi. Wayar Ya Falmata kuwa caji ne babu.

Na same shi a jingine da filo, ana yi masa ƙarin ruwa. Ya Falmata na riƙe da kofin kunu. Lawali na tsaye yana yi masa fifita, bai ma san abin da ya haddasa ba.

Mushe ya dube ni, duk na yi buɗu-buɗu da rairayi, ido ya kumbura. Ya ce, "Kai kuma wa ya mutu?"

Na ce, "Ku, Mushe."

Na miƙa masa wayar. Ya ce a ba shi tabarau. Ya karanta a hankali, kamar yadda yake duba takardun jarrabawa. Sannan ya ɗago.

"Lawali."

"Na'am, Mushe."

"Me na yi a gaban shagonka?"

"Kun suma, Mushe."

"Da Ingilishi."

Lawali ya leƙa wayar. Sai ya dafe kai da hannu biyu. "Passed out! Wayyo Allah, out ne!"

"Out, fita na yi, ƙofa a buɗe, ga shi na dawo. Away tafiya ce da ba a dawowa. Shekara huɗu kana ajina, yau ka kashe ni da kalma ɗaya."

Ya Falmata ta yi dariya har kunu ya zube. Ni ma dariyar nake, hawaye na zuba. Na durƙusa a bakin gadon na kama hannun da ba allura, na faɗa masa duk abin da na zo da shi a hanya. Kwanon zaure, takardar direba, duka. Ya juya fuska wajen bango na ɗan lokaci, sannan ya ce wa Ya Falmata ta ga ko akwai sauran kunu a ba ni.

Likita ya ce zai kwana biyu a sallame shi, kuma ba shi ba azumin nafila sai an ga hali. Don Allah kar a tsangwami Lawali. Shi ya ɗauke shi, shi ya kai shi a kan lokaci.

Saƙo ɗaya Mushe ya ba ni gare ku. Ya ce waɗanda suka rubuta masa ta'aziyya kar su goge. Yana so ya karanta duka in ya koma gida, don ba kowa Allah ke ba wa damar jin abin da za a faɗa a bayansa ba.

Ya Allah, Kai da Ka dawo mana da shi yau, Ka ba shi lafiya mai ɗorewa, Ka sa wannan ciwo ya zama kaffara, Ka saka masa da shi da iyalinsa da alheri. Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ka haskaka kabarinsu.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya sa Mushe Kiyari cikin addu'arsa yau.