Matajin Matar Yayana

Ana jajibirin sallah matar yayana, wadda ke yi wa matan unguwarmu kitso a Madarumfa, ta aske wa ɗiyata kai ƙwal. Kitso aka kai ta. Ta tsefe gefe ɗaya, ta ɗaga murya a gaban mata, wai yarinyar ta kwaso ƙwarƙwata daga gidanmu, ta ɗauko reza. Ɗiyata ta yi sallah a bayan ƙyaure, bayan hutu kuma ta ƙi zuwa lakwal saboda tsokanar yara. Uwarta ta rantse mini da safen nan ta duba kan, tas yake. Na yarda da ita, na kuma ƙulla abin a raina.

Sana'ata hoto ce, amma kyamarata ta biki ƙatuwa ce, ba ta ganin abin da bai kai ƙwayar gero ba. Na tafi Maradi wurin mai sayar da na hannu. Ya fito da dogon gilashi mai ɗauko ƙuda daga nesa, na ce wannan ko makaho ya san an zo ɗaukar hoto. Na zaɓi ƴar ƙaramar kyamara mai shiga aljihun riga, da gilashin da sai ka matsa kamar za ka sumbaci abu. Na kashe walƙiyarta, na yi ta gwaji a kan tururuwa har hoton ya riƙa fita sarai.

Ƙanen miji yana da wasa da matar wansa, ba mai tambayar abin da ya kawo shi. Na shiga da hantsi tana tsakiyar aiki, na ɗauke matajin da take taje kowa da shi.

«Aje min kayana, ɗan nema!» in ji ta, tana dariya.

«Yaya, gemuna zan gyara.»

Na fita zaure inda rana ke faɗowa. Tsakanin haƙoran matajin ƙwayayen ƙwarƙwata ne jere, da uwarsu guda tana tattaki. Daɗi ya kama ni, baki har kunne. Na zaro kyamarar na ɗauke su hoto.

Na wanke hoton ya kai faifai girma, na liƙa a ƙofar shagona. Ban rubuta komai ba. Ƙwarƙwatar ta fito da ƙafafu kamar ƙaguwar tafki, a gefenta ga jan zaren da ke ɗaure a matajin, wanda duk macen unguwa ta sani. Kafin Juma'a tabarmar kitsonta ta koma wurin kwanciyar awaki.

Ta zo shago da kanta, ba dariya.

«Don Allah ka cire shi. Mi kake so in yi?»

Na kira ɗiyata, na zame mata ɗankwali, gashin bai fi na buroshi ba.

«Ranar da wannan ya isa kitso, Yaya, sai in cire.»