Gidan sauron kajin Gwaggo

Jiya na shiga gidanmu a Sheshe, na tarar da Gwaggo, yayar babanmu, tana ta fama da kajinta, tana yaye gidan sauron da ta lulluɓe musu akurki da shi tun bara.

Ashe asibitin unguwa ta je karɓo sabo, aka ce tallafi ya ragu, yanzu masu juna biyu kaɗai ake ba.

Na ce, "Gwaggo, 'yan tsakin fa? Shaho zai kwashe su."

Ta harare ni. "Da ni da su, wa zazzaɓi yake kwantarwa? Su yi haƙuri, gwamnati ce ta kore su, ba ni ba."

Yau ta wanke shi, tana zaune tana ɗinke inda suka yaga.

Ku fa, naku na rabon bara yana kan gado kuwa? Ku faɗi gaskiya.