Ɗigon da Na So In Ɓoye

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin karatuna, kwamfuta a cinya, majigi a jaka. Direba ya ƙara kuɗin mota, ni da ciniki ke jinina na biya ba tayi.

Ga abin da ke ci na. Daminar bara na bi manoman wani ƙauye kusa da Fammar, ina rubuta buhunan takin kowa da masarar da ya samu. Kowane manomi ya zama ɗigo ɗaya a kan zane, lissafi kuma ya ja layi ta tsakiyarsu: taki na ƙaruwa, amfani na hawa. Ɗigo ɗaya ne ya faɗo can ƙasa, taki mai yawa, masara kaɗan. Na mai masaukinmu ne, dattijon da ya sa aka buɗe mini rumbuna. Yau kuma zan je in nuna wa manoman sakamakon. In ya ji kunya a bainar jama'a, bana ba mai kula ni, digirina ya tsaya ke nan.

A Rano aka kawo koko da ƙosai, abokina ya cinye nasa da nawa. Daga Kibiya babur muka hau, kwalta ta ƙare, ƙura da gargada suka karɓe mu. Ina ta maimaita dabarata: in nuna zanen kaɗan-kaɗan, ɗigonsa a shafin ƙarshe, shafin da ba zan buɗe ba.

A wani ajin firamare muka tayar da janareta. Na fara nuna fili babu komai, na ce nan taki, nan masara. Na danna, ɗigo suka fito. Ban sa suna ba, amma ashe kowa ya san rumbun kowa.

"Wancan na sama na Alhaji ne!" in ji wani. Aji ya ɗau dariya.

Na fito da layi, aka gyaɗa kai. Ina shirin kashewa dattijon ya ɗaga sanda.

"Ɗana, ban ga nawa ba."

Na danna shafin ƙarshe. Ya taso ya dubi ɗigon da kyau.

"Nawa ne kam. Ka tambaye ni buhu nawa na saya, na faɗa maka. Rabin takin gonar marayun ƙanena ya tafi."

Wani ya ce shi ma ya ɗiba wa surukinsa. Wani ya ce maƙwabci ne ya ba shi. Ina tsaye ina kallon layina.

"Bana ka zo ranar zuba taki," in ji dattijon. "Ka tsaya a gona ka ƙirga da idonka."

Bayan la'asar muka shigo Kano, aikin shekara guda ya koma farko. Na tafi ina tsoron kada in kunyata shi, na dawo da kunyar a kaina. Da ban danna shafin nan ba, da layin ƙarya zan kai wa malamaina, su kuma su tafa mini.