Baba Yana Jiran Litinin

A gidanmu na unguwar Nzeng-Ayong, in an yi sallar isha'i, kakata Iya takan jawo murhun gawayi bakin baranda ta ɗora ayaba tana gasawa. Ruwan sama yana dukan kwano, mu jikoki muna matsowa kusa da zaninta mai ƙanshin kanumfari. Ta bar Kano tun tana budurwa, amma ba ta taɓa yarda ta koyi Faransanci ba.

"Ga ta nan, ta tsallako teku," in ji ta.

"Ta shigo, mun ba ta tabarma," mukan amsa.

"Ke Bilkisu, rufe bakin nan, kada sauro ya yi gida a ciki," in ji Iya.

Tatsuniyar da na fi so ita ce ta wani sarki mai son kafa doka. Duk dokar da ya rubuta sai ya aika wa wani tsohon malami, malamin kuma tambaya ɗaya yake yi: wa za ta sa kuka? Ran nan sarki ya ce da faɗuwar rana a kulle ƙofar gari, saboda mahara. Bai aika wa malamin ba. A yammacin farko wata mata ta dawo daga gona naƙuda ta kama ta, ta yi ta bugun ƙofa, masu gadi suna jinta suna hawaye, amma doka doka ce. A gindin ganuwa ta haihu, jaririn bai kwana ba. Da safe malam ya ɗauko shi a hannu har gaban sarki, ya ce, "Ga wanda ba ka tambaya ba. Allah zai tambaye ka shi." Sarki ya sa aka huda ƙaramar ƙofa a jikin babbar.

"To, kun ji," Iya takan ce tana juya ayaba. "Mai mulkin da ya san za a tashe shi gaban Allah, ba ya yin dokar da ba ta da mashiga."

Na girma ina zaton haka duniya take ko'ina.

Yau Lahadi. Baba ya rasu ranar Juma'a da hantsi, a asibiti. Mutanen kasuwar Mont-Bouët suka rufe shaguna, aka yanko likkafani, liman ya ce bayan an sauko masallaci za a sallace shi. Ni da Umma muka je karɓar gawa, ma'aikacin ya ce ta kawo takardar aure.

Babu. Shekara talatin da suka wuce an ɗaura aurensu a masallaci, da waliyyi da shaidu da goro. A gida, can Kano, wannan ya isa, kowane alƙali zai karɓa. Babu wanda ya ce musu a nan sai wanda aka yi a ofishin meri, wato na magajin gari, gwamnati ta sani.

"Ɗana, dubi yarinyar nan," Umma ta ce tana nuna ni. "Daga ina na samo ta?"

Ni na fassara masa. Ya sunkuyar da kai, ba mugu ba ne. Ya ce ni zan iya sa hannu a matsayin 'ya, amma sai an buga hatimi a takardar haihuwata. Kafin tasi ta fitar da mu daga cunkoso, an tashi daga ofishin merin. Sai Litinin.

Yanzu Baba yana cikin sanyin ɗakin ajiye gawa, mutumin da ko fanka ba ya so. Shi da ya wanke gawar baƙi da yawa don kada su wuni ba a rufe su ba. Umma ta shiga takaba, tana zaune a ɗaki tana yi wa mijin da doka ta ce ba nata ba ne.

Na yi karatu, na san dalilin dokar. Ƙasa ce mai addinai da yawa, takarda tana kare wasu matan daga dangin miji. Na san kuma a can inda aka sa sunan addini a kan doka, akwai masu kuka su ma. Abin da Iya ba ta faɗa mana ba shi ne, a wasu garuruwan babu malamin da ake aika wa, kuma sarkin ba ya ma jin yarenka.

Gobe da sassafe zan tsaya a layi. A takardar karɓar gawa akwai gurbin da aka rubuta "matar mamaci". Ma'aikacin ya riga ya gaya mini in bar shi babu komai. Umma ta ce in je kawai, in dawo mata da shi kafin azahar.