Sunan da Gwaggo Rabi Ta Ƙi Bugawa

Yau shekara goma ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi aikin buga takardu a wani buro, wato ofis, a Birnin Ƙonni.

Lokacin mulkin soja ne. Ina gab da gama karatun aikin gona, aka ce kowa ya rubuta kundin bincike. Na zaɓi lambunan rani na Badagishiri. Malaminmu ya ce duk maganar da ba a faɗi inda aka samo ta ba, zai soke ta. Ni kuwa ban san yadda ake jera manazarta ba. Gwaggo ce ta zaunar da ni gaban mashin ɗinta ta koya mini: sunan marubuci da manyan baƙaƙe, sai shekara, a ja layi ƙarƙashin sunan littafi. In hira ce, a sa sunan mutum da garinsu da ranar da aka zanta.

Da ta iso shafin ƙarshe, sai ta ɗauke hannu. Wani dattijo ya gaya mini yadda wani babba ya ƙwace lambunan mutane, na kuma sa sunan dattijon cikakke a shafin.

"Issufu, so kake a ɗaure tsohon nan?" in ji ta. Ta buga: manomi, Badagishiri, an sakaya suna bisa dalili. Littafin da na rubuta hirar a ciki kuwa ta ɗaure shi cikin zanenta.

Bayan wata biyu jandarma ya zo da takardar kira. Na je ofishinsu, na same su da kundina a buɗe bisa tebur, an ja jan biro ƙarƙashin layin nan. Tun hantsi har la'asar tambaya ɗaya: wane ne? Sunan yana kan harshena. Na ce manoma da yawa na ji, na manta. Suka sallame ni, amma na shekara ina firgita in mota ta tsaya ƙofar gida.

Yanzu jaridu sun yawaita, kowa na rubuta "an ce". Da tana raye, na san za ta tambaya wa ya ce, sannan ta tambaya me zai same shi in an faɗa.

Dattijon ya rasu a ɗakinsa, cikin iyalinsa, bai taɓa jin labarin ba. Har a wannan shafi ban rubuta sunansa ba. Allah ya jiƙan Gwaggo.